Tsibirin Karatu

Rabe mai tsire na unguwar Misfala a Makka labari ɗaya gare shi a duniya, amma labarin nan ya yi masa aiki fiye da tukubar tsirensa. Da shi ya samu mata, da shi ya lallashi 'ya'ya suna ƙanana, kuma shi ne ya tsaya masa a maƙogwaro shekara goma sha tara, bai haɗiye ba bai tofar ba. In kana son ka gane yadda aka yi, sai mu koma ranar da ya fara hango Jidda.

Ya baro ƙauyensu na ƙasar Katsina yana saurayi, ya yi shekara huɗu a hanya, noma a nan, dako a can, har ya kai Musawwa bakin Bahar Maliya. A can ya samu jirgin kaya da ya ɗauko shi tare da mutanen Yaman da na Habasha. Ban da shi, Bahaushe ɗaya ne tak a jirgin, wani tsoho Baba Dauda, wanda kunnensa ya yi nauyi amma bakinsa lafiya lau. Da fararen gidajen Jidda suka bayyana kowa ya shiga ɗaure kaya, sai ga ƙananan jiragen katako sun zo sun kwashe su, ba zuwa gari ba, zuwa wani ɗan tsibiri a tsakiyar ruwa. Ma'aikatan jirgi kuwa kalma ɗaya suke ta maimaitawa, karantina, karantina.

A lokacin in ka cire sallama da Fatiha, Larabcin Rabe ya ƙare. Ya matsa kusa da Baba Dauda ya tambaye shi ina za a kai su. Tsohon ya kare kunne da tafin hannu, ya saurara, ya gyaɗa kai irin na wanda ya daɗe da sanin zance, ya ce ai magana a fili take, karantar da su za a yi. Wa zai bar ɗan ƙauye ya faɗa Ɗakin Allah haka siddan bai san yadda ake ɗawafi ba? Rabe ya ji maganar ta zauna daram, har ya ji kunyar da bai gane da kansa ba.

To, in mutum ya riga ya ɗauki hanya a kansa, duk abin da ya gani shaida ne. Aka karɓe musu tufafi aka turara a wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe, Rabe ya ce dubi karamci, har wanki ake yi wa baƙin Allah. Aka sa su wanka da wani ruwa mai warin magani, ya ce tsarki ne kafin a taɓa allo. Kullum da safe wani mai farar riga yakan bi su ɗaya bayan ɗaya ya ce kowa ya fito da harshe, ya leƙa, ya rubuta. Baba Dauda ya ce ana tantance waɗanda harshensu zai iya ɗaukar baƙaƙen Larabci ne. Daga ranar, in layi ya zo kan Rabe, sai ya zaro harshen nan har ya kusa taɓo haɓa, don kada a sa shi a ajin baya.

Malami ne dai bai zo ba. Baba Dauda ya shimfiɗa buzu a rumfa ya ce in ya iso a tashe shi. Sauran mutane suka kwanta suna ta mita da yarukansu. Rabe kuwa ya ce ƙila makarantar tana wani gefen tsibirin ne, su ake jira. Saboda haka kullum da an gama duba harshe sai ya yi alwala ya kama bin bakin ruwa yana neman makaranta. Bai same ta ba, amma ya sami gaɓa uku, ya kuma raɗa musu suna da kansa.

Ta gabas, mai kallon Jidda, ya kira ta Gaɓar Gari, don yashinta fari ne luƙwi kamar garin alkama da aka tankaɗe, ruwanta kuwa sai ka yi ta tafiya bai wuce gwiwa ba, kana ganin faratan ƙafarka. Ta arewa ita ce Gaɓar Ƙaguwa, duwatsu ne masu ramuka, iska ba ta yankewa, ƙaguwoyi na tsere a karkace, a cikin ramukan kuma ƙananan kifaye shuɗi da ruwan ɗorawa da ja, sai ka rantse daga marina aka tsamo su. Ta yamma ya fi so, Gaɓar Wuri. Sai ka haura wani tudun yashi ka gangara kafin ka kai, kuma wuri ne, irin wanda ake kuɗi da shi a da, zube a ƙasa ba mai tsinta, a can ne rana ke nutsewa cikin ruwa mutum yana kallo.

Kwana goma ya yi a haka. Ana kawo shinkafa da adas da gurasa, ba wanda ya ce masa ɗauki buhun nan. Tun da ya baro gida bai taɓa wayar gari ba aiki a kansa ba sai a kwanakin nan. Da aka sallame su ya yanke a ransa cewa malamin tafiya ta kama shi, ya yi masa fatan alheri.

A Makka ya kama sana'ar tsire, ya yi sa'a hannunsa na da daɗi. Bayan shekara biyu ya shiga neman auren Mairama. Ita haifaffiyar Makka ce, kakanta ne ya zo da ƙafa daga ƙasar Kano, Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinta, kuma ruwa mafi yawa da ta saba gani shi ne garwa biyu da mai ruwa ke kawowa gida a kafaɗa. Masu nemanta uku ne, kuma in don abin hannu ne Rabe ne na ƙarshe. Wata rana da la'asar yana zaune da mahaifinta, hira ta kawo, ya ba shi labarin tsibirin. Da yake yana ganin Hausa mai kyau yake yi, bai ce karantina ba, ya fassara, ya ce Tsibirin Karatu. Mairama na bayan labule tana tsintar shinkafa. Shinkafar ba ta tsintu ba ranar. Washegari ta gaya wa uwarta cewa ita dai mai tsiren take so. Ranar da aka kai ta ɗakinsa, maganarta ta farko ita ce ko zai kai ta tsibirin nan wata rana. Rabe ya bugi ƙirji ya ce in Allah ya yarda.

Shekara ba ta zagayo ba asiri ya tonu, amma wurinsa shi kaɗai. Yana Arfa ranar hawan Arfa yana gashi, wani Bahaushe mai aiki a tashar jiragen Jidda ya tsaya sayen tsire. Rabe da son hira ya ce shi ma ai ya yi karantina, kwana goma cif. Mutumin ya ja da baya kaɗan, ya dubi tsiren da ke hannunsa, ya tambaya wace annoba aka zargi jirginsu da ita. Nan fa ya warware masa zance tiryan-tiryan, cewa wurin tsare matafiya ne har a tabbata ba su ɗauko cuta ba, mai duba harshen kuma likita ne. Ran nan tsinke shida suka ƙone a tukuba Rabe na tsaye yana kallonsu.

Ya dawo gida da niyyar faɗa mata, sai ya tarar tana ba maƙwabta labarin Gaɓar Wuri, har tana ƙara gishirinta. Ya ce bari sai gobe. Goben nan ce ta yi shekara goma sha tara. Kunya yake ji, ba wani abu ba, kunyar a ce ƙato da shi ya yi kwana goma yana zaro wa likita harshe yana jiran allo. Wani abin da ya fi kunyar ciwo shi ne kirarin da Mairama ke yi masa a cikin mata. Kowace mace da abin da take taƙama da shi a kan mijinta, ita nata ɗaya ne, cewa tun da aka ɗaura aurensu ba ta taɓa kama maigidanta da ƙarya ba. Duk ranar da ya ji ta faɗi haka ta bayan danga sai ya ture kwanon tuwo.

Da sun ci gaba da zama a haka, in ba don Sa'adatu ba. Sa'adatu sabuwar maƙwabciya ce da ta zo ta Sudan, mace mai kirki, amma babu maganar da za ta wuce ta gabanta ba ta juya ta ta duba ƙasanta ba. Da ta ji labarin sai ta ce ita fa ta ratso tekun nan, mijinta ya ratsa sau uku, ba su taɓa jin wani Tsibirin Karatu ba, kuma maza in suna neman aure har tsibiri sukan ƙera. Mairama ba ta yi musu ba. Ta shigo gida, ta ajiye wa Rabe abinci, ta jira ya wanke hannu, sannan ta ce alhazai sun watse, kasuwa ta kwanta, yara sun girma za su zauna wurin ƙanwarta, lokacin cika alkawari ya yi. Ta ce wuri za ta cika ƙullin mayafinta da shi ta zube a gaban Sa'adatu.

Kai, Rabe ya yi iyakar ƙoƙarinsa, kada a ce bai yi ba. Ya ce teku na juya cikin wanda bai saba ba, ta ce za ta tafi da lemon tsami. Ya ce ya ji an ce ruwa na cin tsibirai, ƙila ma yanzu ya nutse, ta ce sai su je su ga inda ya nutse. Ya kawo zancen Ɗa'ifa, ga sanyi ga inabi ga rumman, ya ce ko masu hali can suke zuwa hutu. Ta dube shi ta ce ba Ɗa'ifa aka yi mata alkawari ba. Daga nan sai ta tambaye shi a hankali ko akwai abin da ba ya son ta gani ne. Ga ƙofa an buɗe masa, amma gogan naka ya ce haba, me zai ɓoye, jibi ma su tafi.

Jibin suka hau lori a unguwar Jarwal da sanyin safiya, Mairama da ƙullin gurasa da dabino da lemon tsaminta, Rabe kuma a gefenta. Aka tsaya a Bahara shan shayi, shi bai sha ba. Da suka gangaro Jidda iska ta canza, ta yi laushi ta yi gishiri, sai ga teku ya buɗe a ƙarshen wani lungu. Mairama ta tsaya cak a tsakiyar hanya har mai jaki ya yi mata magana. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya a ina ɗaya gefen yake. Ya ce sai an yi kwana biyu a jirgi. Ta yi tasbihi, ta ce ashe duk abin da ya faɗa kaɗan ya faɗa.

Suka sauka a unguwar Hausawa ta bayan gari. Rabe ya bar ta cikin mata, ya fita cigiya a ɓoye, don ya san in mai jirgi ya furta kalmar nan a gabanta an gama, ita da Larabci ya zama ruwan sha. Aka haɗa shi da Abdulganiyyu, wani dogon Bahaushe haifaffen Sudan da ke gadin tsibirin, yana shigowa gari sau ɗaya a mako ɗaukar ruwa da abinci. Ya ce yanzu ba jirgi ba baƙo, daga shi sai kyanwarsa, in suna so gobe su bi shi su wuni, da yamma mai jirgi ya dawo da su. Sai ya tambaya, a cikin duk wuraren Allah me ya sa mutum zai kai iyalinsa yawon shaƙatawa karantina.

Rabe ya ja shi gefe ya zayyana masa komai. Abdulganiyyu ya yi dariya har ya dafa bango, ya share hawaye da gefen rawani, ya sake fashewa da ya tuno zancen harshe. Da ya lafa sai ya ce kada ya damu, shi zai rufa masa asiri, babbar rumfar ma zai ce ita ce makarantar, malami kuma ya tafi ganin gida.

Da hantsi suka isa. Mairama ko lemon ba ta ɓare ba, ita ce ma ke gaban jirgi tana nuna tsuntsaye. Suka fara da Gaɓar Gari. Ta cire takalmi ta taka yashin, ta sunkuya ta ɗebo ta murza a tafin hannu, ta ce wallahi ko a rariya ba za a sami tsakuwa ba. Ta ɗage zani kaɗan ta shiga ruwa tana ƙirga taku har ta gaji da ƙirgawa, ruwan bai wuce gwiwa ba, ta tsaya tana kallon faratan ƙafarta tana dariya ita kaɗai. Mace mai 'ya'ya huɗu, amma ran nan ko 'yar autarta ba za ta fi ta rawar kai ba. Rabe na bakin ruwa riƙe da takalmanta.

A Gaɓar Ƙaguwa iska ta kusa tafiya da mayafinta. Ta ga ƙaguwoyin na gudu a karkace ta ce su kuwa wa ya yi musu baki haka. Ta durƙusa kan wani rami tana kallon kifayen, ta zaɓi wani shuɗi mai ratsin ruwan ɗorawa ta ce da za ta sami zane irinsa da sallar bana ta more. Sai ta ɗago ta ce alhamdu lillahi, gaɓa biyu ke nan ba a sami ko ƙwayar ƙari a maganarsa ba, Sa'adatu za ta san cewa akwai mazan da ba sa ƙera tsibiri. Rabe ya ce iska ce ta sa masa yashi a ido.

Hanyar Gaɓar Wuri ta tsakiyar tsibirin take bi, ta gaban rumfunan. Suna nan yadda ya bar su, dogaye, an shafe su da farar ƙasa, ga ƙatuwar tukunyar ƙarfen a gefe ta yi tsatsa. Abdulganiyyu na zaune a inuwa yana dafa musu shayi. Mairama ta tsaya a ƙofar babbar rumfar ta leƙa, ta ga ba allo ba buzu, sai gadajen igiya a jere. Ta juyo ta tambaya ko nan ce makarantar.

Abdulganiyyu ya gyara murya, har ya ɗaga hannu zai nuna inda malami ke zama. Rabe ya dubi matarsa, gefen zaninta a jiƙe, yashi har idon sawu, fuskarta fes ba ɗigon shakka. Ya ga in ya bar mutumin nan ya yi magana, to shi ke nan ya zama maƙaryaci na gaske, har da ɗan hayar shaida.

Ya ce, "Ba ita ba ce, Mairama. Babu makaranta a tsibirin nan, ba a taɓa yi ba. Karantina ce."

Ta ce, "Karantina? Ta masu annoba?"

Ya ce ita fa. Daga nan ya sauke kayan gaba ɗaya a tsaye, bai ko nemi wurin zama ba. Ya faɗi zancen Baba Dauda da kunnensa, da mutumin Arfa, da goben da ta ƙi zuwa, har da yarjejeniyarsa ta jiya da Abdulganiyyu. Ya ce lokacin da ya ba mahaifinta labari bai sani ba, Allah shaida, amma shekara goma sha tara da suka biyo baya ya sani. Ya ce duk ranar da ta yi masa kirarin rashin ƙarya ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige. Abdulganiyyu ya duƙufa kan butar shayi kamar bai taɓa ganin buta ba.

Mairama ta dubi rumfar, ta dube shi. Sannan ta tambaya, wato mutumin da ke tantance harshe, wanda ta sha gaya wa 'ya'yanta cewa ya yaba da harshen ubansu har ya kira abokin aikinsa ya gani, shi wane ne?

Rabe ya sunkuyar da kai ya ce likita ne.

Kafaɗunta ne suka fara rawa. Ya ɗauka kuka take, har ya matso. Sai dariya ta ƙwace mata, ta zauna daɓas a kan yashi, ta toshe baki da mayafi abin ya ƙi toshuwa. In ta ɗan lafa sai ta dube shi ta ce, "Har haɓa?" sai ta sake kifewa. Abdulganiyyu da ke ta dannewa ya saki tasa, shayi ya zube a wuta. Rabe na tsaye da takalman mata a hannu, bai san ko an yafe masa ne ko yanzu za a fara shari'a ba.

Shari'ar kuwa ta zo. Ta share ido, ta miƙe, ta kakkaɓe zani, fuskarta ta koma ba wasa.

Ta ce, "Maigida, ka cuce ni, kuma ba a inda kake zato ba. Shekara goma sha tara kana riƙe da abin dariya irin wannan a gidana, ka hana ni. Shekarar da aka yi tsadar hatsi da mun yi dariyarsa. Ranar da muka binne ɗanmu na biyu, da na yi wata uku ban yi murmushi ba, kana da maganin a aljihu ka zauna kana jin kunya. Wannan ne ban yafe ba tukuna."

Maganar ta shige shi fiye da zagi. Bai taɓa kallon abin ta nan ba, shi duk tsawon shekarun nan mutuncinsa yake gadi, ashe wani abu ya hana ta da ta fi bukata. Ya ce ta yi gaskiya. Ta ce ɗayyib, shi ke nan, saura gaɓa ɗaya, kuma in ta tarar ba wuri to lallai yau akwai magana.

Suka ce wa Abdulganiyyu ya zo su je. Ya sosa ƙeya ya ce shi fa shekararsa tara a nan bai taɓa haura tudun can ba, me zai je yi, ruwa ne dai irin na nan. Ya biyo su duk da haka. Da suka gangara bayan tudun, sai ga shi, wuri zube a bakin ruwa, farare ƙanana, igiyar ruwa na turo su tana ja da baya, rana kuma ta fara sunkuyowa ta yi ja. Abdulganiyyu ya riƙe haɓa ya ce ikon Allah, ashe a bayan ɗakinsa.

Mairama ta shimfiɗa gefen mayafi ta hau tsinta. Tana tsinta tana tambayar mai gadin mutum nawa ake tsarewa a nan in jirgi ya zo. Ya ce wani lokaci ɗari uku, wani lokaci fiye. Ta tambaya a cikinsu nawa ya taɓa gani sun zagaya bakin ruwa. Ya ce ko ɗaya, kowa kwanciya yake yana ƙirga kwanaki yana tsine wa wurin. Ta ce to ai ka ji, waɗanda suka ji kalmar daidai kurkuku suka yi, wanda ya ji ta a karkace shi ya yi hutu, Allah ya jiƙan Baba Dauda da kunnensa.

Rabe ya tambaye ta a hankali, Sa'adatu fa? Ta ce wurin nan gabanta za ta zube shi kamar yadda ta yi niyya, tsibiri dai ga shi ba ƙerarre ba ne. Sauran labarin kuma ita za ta bayar da bakinta, tun daga tukunya har harshe, don ba za ta yarda wata ta riga ta ba. Kirarin da take yi masa ne zai canza kaɗan, yanzu za ta ce sau ɗaya ta kama shi, kuma shi ya kawo kansa. Ya ce unguwa za ta sa masa suna. Ta ce ai ita ta riga ta sa masa.

Mai jirgi ya fara kira daga can gabas. Abdulganiyyu ya yi gaba don ya ce masa suna zuwa, ya haura tudun ya ɓace. Mairama ta ƙulle wurinta tam, ta waiga ta tabbata ba kowa, ta matso gaban mijinta ta ɗage lulluɓi.

Ta ce, "Malam, kafin mu tafi duba min, ko za a ɗauke ni ajin gaba?"

Ta zaro harshe. Rabe ya so ya daure, ina, abin ya fi ƙarfinsa. Dariyar da ya danne tun ranar Arfa ta taso masa daga ciki, ya yi ta har ya durƙusa a kan yashi, hawaye na bin gemunsa, takalmanta har yanzu suna hannunsa. Ita kuma ta tsaya a kansa tana jira ya gama, tana cewa ya yi a hankali, wannan ta shekarar farko ce kawai, saura goma sha takwas.